Haɗe rumbunan ajiyar kwamfuta: amfaninsa da haɗarinsa

A ranar 29 ga watan Agustan shekara ta 2023 ne kamfanin ƙera motoci na Toyota ya dakatar da aiki a dukkan masana'antunsa 14 na harhaɗa motoci da ke ƙasar Japan.

Da farko mutane da dama sun yi zargin cewa masu kutse ne suka kai wa kamfanin hari ta intanet. To amma bayan 'yan kwanaki sai kamfanin ya fito ya bayyana cewa babu hannun kowa daga waje.

Abin da ya faru shi ne, injiniyoyinsa suna cikin aikin sharewa da sake tsara bayanan da suka taru a manyan kwamfutocin da ke yin odar kayan haɗa mota, sai wurin ajiya ya ƙare a faifan na'urar, tsarin ya tsaya cak.

Na'urar da aka tanada domin ko-ta-kwana ita ma tana cikin wannan tsari, saboda haka matsalar ba ta ƙyale ta ba. Sai da aka kwashe bayanan zuwa wata kwamfutar da ta fi girman ma'ajiya kafin aiki ya dawo washegari.

Irin wannan aiki na sake tsara wuraren ajiyar bayanai da haɗe su wuri guda, aiki ne da ake yi kusan kullum a bankuna da jami'o'i da asibitoci da ma'aikatun gwamnati. Jama'a ba sa jin labarinsa sai ranar da aka samu kuskure.

Me ya haɗa mutumin Achika da wannan batu?

Achika mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Wudil ta jihar Kano, kuma galibin mutanenta manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa. Mai karatu zai iya cewa ina ruwan biri da gada.

Sai dai a yau sunan ɗan Achika da hotonsa da zanen yatsunsa suna zaune ne a cikin faifan wata kwamfuta da bai taɓa gani ba.

Lambar BVN da bankunan Najeriya suka ɓullo da ita a shekara ta 2014, da lambar ɗan ƙasa ta NIN da aka wajabta haɗawa da layukan waya tun daga watan Disambar 2020, da rajistar jarrabawar JAMB wadda ta koma ta kwamfuta baki ɗaya a shekara ta 2015, duk a irin waɗannan na'urori suke.

A garin Wudil kansa akwai Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta jihar Kano, wadda ta fara aiki a shekara ta 2001, aka kuma sauya mata suna zuwa na Aliko Dangote a shekara ta 2022. Akwai kuma Makarantar Horar da Jami'an 'Yan Sanda ta ƙasa.

Duk wata makaranta mai girma irin waɗannan, a ko ina take a duniya, tana tara sakamakon jarrabawa da takardun biyan kuɗi da bayanan albashi, shekara bayan shekara. Idan irin wannan kundi ya salwanta, ɗalibin da ya shafe shekara huɗu ko biyar yana karatu shi ne zai yi ta zarya yana neman shaidar abin da ya riga ya ci.

Faifai da yanki da rumbu

Babbar kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima ita ake kira uwar garke. Ba a kashe ta dare da rana, kuma a cikinta akan samu faya-fayan ajiya da yawa.

Faifan ajiya na farko da aka sayar a kasuwa shi ne wanda kamfanin IBM na Amurka ya fitar a shekara ta 1956. Yana da farantai 50, faɗin kowanne inci 24, amma haruffa kimanin miliyan 5 kawai yake ɗauka. A yau faifai guda da bai fi tafin hannu girma ba yana iya ɗaukar fiye da terabait 20, kuma terabait ɗaya gigabait dubu ne.

Ba a cika zuba bayanai a faifai haka nan kara zube ba. Akan yanka shi kashi-kashi, kamar yadda magidanci ke raba fili ya yi ɗakuna. Kowane yanki da aka shirya aka ba shi suna domin ajiya, shi za mu kira rumbu a wannan bayani.

Wanda ya saba da Windows ya san rumbun C da rumbun D. Sau da yawa faifai guda ne aka raba biyu.

A cikin kowane rumbu akwai wani kundi da ke nuna wa kwamfuta inda kowane fayil ya fara da inda ya ƙare. Idan wannan kundi ya lalace, bayanan na iya kasancewa suna nan a kan faifai, amma na'urar ba ta san inda za ta same su ba.

Tsohon tsarin raba faifai da ake kira MBR, wanda ya fito a shekara ta 1983, manyan yankuna huɗu kawai yake yarda da su, kuma a yawancin faya-fayai ba ya ganin abin da ya haura terabait 2. Tsarin GPT da ya maye gurbinsa ya kawar da wannan ƙunci. Wannan na daga cikin dalilan da ke tilasta sake tsara tsofaffin na'urori.

Yadda rumbuna ke warwatsewa

Manomi ya fi kowa sanin wannan matsala. A ce mutum yana da rumbu uku, na gero da na dawa da na maiwa. A shekarar da gero ya yi albarka, rumbunsa ya cika har dami ya rage a waje, alhali na dawa ko rabi bai kai ba.

Idan aka lissafa duka, wuri bai ƙare ba. Rabon ne bai dace da amfanin da aka samu ba.

Haka abin yake ga uwar garke. A ɗauka wata makaranta ta raba ma'ajiyarta gida uku, kowane rumbu gigabait 500: ɗaya na sakamakon jarrabawa, ɗaya na hotunan ɗalibai da takardunsu, ɗaya na wasiƙun ma'aikata.

Bayan shekara biyar na hotuna ya cika maƙil, na wasiƙu ya kai rabi, na sakamako kuwa gigabait 100 kawai aka ci. A jimlace akwai sarari na gigabait 650, amma ba za a iya yi wa sabon ɗalibi ko guda rajista ba.

Abin da mai kula da na'urar kan yi cikin gaggawa shi ne ya sayo wani faifan ya maƙala, ya kwashe wasu fayiloli zuwa can. Badi ma haka. Idan ya bar aiki, wanda ya gaje shi zai tarar da rumbuna goma ko fiye, wasu ba a san abin da ke cikinsu ba, wasu kuma kwafin juna ne.

Kowane faifai yana shan wuta, yana fitar da zafi, kuma yana da ranar mutuwarsa. Yawan rumbuna kuma yana sa a manta da wani wajen ɗaukar kwafin ajiya.

Dabarar tara su wuri guda

Maganin da injiniyoyi suka samo shi ne a daina ɗaure rumbu da faifai guda. Sai a tara dukkan faya-fayan su zama tafki ɗaya na sarari, sannan a riƙa ɗibar wa kowane rumbu gwargwadon bukatarsa.

A kwamfutocin da ke aiki da Linux ana kiran wannan tsari LVM. Wani injiniya Bajamushe mai suna Heinz Mauelshagen ne ya rubuta shi a shekara ta 1998. Windows da sauran tsare-tsare su ma suna da nasu makamancinsa.

Tsarin hawa uku ne. A ƙasa akwai faya-fayan kansu. A tsakiya akwai tafkin da ya haɗa su. A sama kuma akwai rumbunan da ma'aikata ke gani suna ajiya a ciki.

Amfanin wannan shi ne ana iya faɗaɗa rumbun da ya cika ba tare da an kashe na'ura ba. Ana kuma iya kwashe abin da ke kan tsohon faifai zuwa sabo alhali jama'a na ci gaba da aiki, sannan a zare tsohon.

To amma akwai wani hanzari. Idan rumbu guda ya ratsa faifai huɗu, mutuwar ɗaya daga cikinsu na iya lalata rumbun gaba ɗaya.

Saboda haka ne akan haɗa wannan dabara da wata da ake kira RAID, wadda wasu masana uku na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, wato David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz, suka yi wa suna a wata maƙala a shekara ta 1988.

A nau'in RAID 1, duk abin da aka rubuta a faifai ɗaya ana rubuta shi a na biyu, don haka rabin sararin ne kawai ake mora.

A nau'in RAID 5 kuwa, ana sadaukar da sararin faifai guda domin wani lissafi da ke ba da damar sake gina abin da ya ɓata. Faifai huɗu masu terabait 4 kowanne za su ba da terabait 12, kuma tsarin zai jure mutuwar faifai ɗaya. RAID 6 zai ba da terabait 8, amma yana jure mutuwar biyu.

Sake gina babban faifai kan ɗauki sa'o'i da yawa, wani lokaci kwanaki. A cikin wannan lokaci sauran faya-fayan suna shan aiki fiye da kullum, kuma galibi sa'o'in juna ne da aka saya rana guda. Idan wani ya sake mutuwa kafin a gama a tsarin RAID 5, shi ke nan.

Ranar ƙaura ita ce ranar haɗari

Masu iya magana kan ce garin neman gira a rasa ido. Bayanan da suka shekara goma a zaune lafiya sun fi fuskantar barazana a daren da aka tashi gyara musu wuri.

Dalili na farko shi ne aikin kansa yana bukatar sarari. Kafin a goge tsohon kwafi dole sabon ya kammala, wato na ɗan lokaci ana riƙe da abu guda sau biyu. Wanda ya jira sai rumbu ya cika kafin ya fara gyara, ya makara.

Akwai kuma wani ruɗani na lissafi. Masu ƙera faifai suna ƙirga da dubu-dubu, wasu kwamfutocin kuma da 1,024. Shi ya sa faifan da aka rubuta wa terabait 1 yake bayyana a Windows a matsayin gigabait 931. Wanda bai sa wannan a lissafinsa ba zai iya tarar da kaya sun fi wuri yawa a tsakiyar aiki.

Dalili na biyu shi ne jerin matakai. Idan za a faɗaɗa rumbu, shi ake fara faɗaɗawa sannan a sanar da kundin fayilolin cikinsa. Idan kuwa za a rage shi, kundin ake fara matsewa sannan a rage rumbun. Wanda ya juya wannan jeri ya yanke wa bayanansa wutsiya.

Wasu nau'o'in kundin ma, kamar XFS, a aikace faɗaɗa su kawai ake yi. Mai son rage su sai ya kwashe komai zuwa wani wuri, ya gina sabo, ya dawo da su.

Dalili na uku shi ne kuskuren ɗan Adam. Sunayen faya-fayai sukan bambanta da harafi guda kacal, kuma umarnin gogewa ba ya tambayar mutum ko ya yi barci a daren jiya.

A watan Disambar shekara ta 2021 Jami'ar Kyoto ta Japan ta yi asarar bayanai na kimanin terabait 77, wato fayiloli kusan miliyan 34 na rukunonin bincike 14. Wata manhaja da aka ɗora wa aikin share tsofaffin fayilolin da ba a bukata ce aka sabunta alhali tana cikin aiki, sai ta shiga goge na masu bincike. Kamfanin Hewlett Packard Enterprise da ya samar da ita ya amsa laifinsa.

Wuta da zafi da ƙura

A arewacin Najeriya akwai ƙarin matsalolin da injiniyan Japan ba ya yawan tunawa da su.

Ɗauke wuta a tsakiyar sauya iyakar rumbu na iya barin kundin fayiloli rabi tsoho rabi sabo. A watan Oktoban shekara ta 2024 jihohin arewa da dama, ciki har da Kano, sun shafe fiye da mako guda babu wutar lantarki sakamakon lalacewar manyan layukan dakon wuta.

Saboda haka kafin a fara aiki sai an tabbatar batiran ko-ta-kwana suna riƙe caji, janareta na da man da zai kai shi ƙarshen aikin, da wanda zai tsaya a kansa.

A lokacin bazara, musamman watannin Maris da Afrilu da Mayu, zafi a yankin Kano kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyos. Kwashe bayanai masu yawa na sa faifai ya ƙara ɗumi. A lokacin hunturu kuma ƙura ce ke toshe fankokin na'ura.

Lokacin aikin ma abin dubawa ne. Makaranta ba ta taɓa rumbunta a makon rajista, haka banki ba ya yi a ƙarshen wata lokacin biyan albashi.

Haɗewa a matakin ƙasa

Abin da ake yi a cikin na'ura guda shi gwamnatoci ke yi wa dukkan ma'aikatunsu.

A shekara ta 2006 gwamnatin tarayyar Najeriya ta kafa kamfanin Galaxy Backbone domin haɗa ayyukan sadarwa da ajiyar bayanai na ma'aikatu da hukumomi, a maimakon kowace ta riƙa sayen nata.

A ƙarshen watan Janairun shekara ta 2023 shugaban ƙasar na wancan lokaci, marigayi Muhammadu Buhari, ya buɗe babbar cibiyar adana bayanai ta kamfanin a birnin Kano, baya ga wadda ke Abuja. Hikimar samun cibiya biyu masu nisa da juna ita ce idan ɗaya ta samu matsala ɗayar ta ɗauki nauyi.

Abin da ya faru a Koriya ta Kudu ya nuna illar rashin yin hakan. A ranar 26 ga watan Satumban shekara ta 2025 gobara ta tashi a cibiyar adana bayanan gwamnati da ke birnin Daejeon, lokacin da ma'aikata ke aikin sauya wa wasu batira wuri.

Ɗaruruwan ayyukan gwamnati na intanet sun tsaya. Wata ma'ajiya ta bai ɗaya da ake kira G-Drive, inda ma'aikatan gwamnati ke ajiye takardun aikinsu, ta ƙone da bayanai na kimanin terabait 858. Ba a ajiye kwafinta a wani wuri ba, saboda ana ganin ta yi girma da yawa.

Da takardun suna warwatse a ofisoshi daban-daban, da gobara guda ba ta cinye su duka ba. Tara kaya wuri guda yana rage kashe kuɗi da wahalar kulawa, amma yana sa asarar rana ɗaya ta shafi kowa.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Akwai matakan da ƙwararru suka saba bi kafin su taɓa rumbu.

Na farko shi ne ƙidaya: a rubuta kowane rumbu, da abin da ke cikinsa, da sashen da ke amfani da shi, da manhajar da ta dogara da shi. Sau da yawa wata tsohuwar manhaja tana neman fayil a wani takamaiman wuri, kuma da zarar an matsar da shi sai ta daina aiki.

Na biyu shi ne kwafin ajiya. Sanannen ƙa'idar ita ce kwafi uku, a kan nau'in ma'ajiya biyu, ɗaya kuma a wani gini ko wani gari daban.

RAID ba ya maye gurbin wannan kwafi, domin idan aka goge fayil bisa kuskure, nan take yake gogewa a dukkan faya-fayan. Haka ma hoton rumbu da LVM ke iya ɗauka kafin aiki: yana taimakawa wajen komawa baya, amma a tafki guda yake zaune da asalin.

Na uku shi ne gwaji. Kwafin da ba a taɓa dawo da shi a wata na'ura an buɗe an gani ba, zato ne kawai ake yi cewa yana aiki.

Na huɗu shi ne tantancewa bayan ƙaura. Akwai wani lissafi da ke fitar wa kowane fayil wata lamba tamkar zanen yatsa. Idan lambar tsohon da ta sabon suka zo daidai, an tabbatar ko harafi bai sauya ba.

Na biyar shi ne haƙuri da tsohon faifai. Akan kulle shi yadda ba za a iya rubutu a kansa ba, a ajiye shi na makonni, har sai kowane sashe ya tabbatar kayansa sun iso.

Idan lokacin rabuwa da shi ya yi, sai a goge shi ta hanyar da ba za a iya farfaɗo da komai ba, ko a farfasa shi. Faifan da aka sayar a kasuwar 'yan gwangwan yana iya fita da sunaye da lambobin dubban mutane. Dokar kare bayanan jama'a da shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin shekara ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane alhakin kare su daga ɓata ko faɗawa hannun da bai dace ba.

Shugaban makaranta ko na asibiti ba sai ya iya sarrafa uwar garke ba kafin ya sa ido a kan wannan aiki. Ya isa ya tambayi injiniyansa abu uku kafin ya ba da izini: ina kwafin yake, yaushe aka gwada dawo da shi, kuma idan aikin ya ci tura da tsakar dare, awa nawa za a ɗauka kafin a koma yadda ake jiya.

Shi kuwa ɗalibi ko mai ajiya a banki, daga Achika yake ko daga wani wuri, abin da ke hannunsa shi ne ya adana takardar shaidar biyan kuɗi da ta sakamakon kowane zangon karatu, ya kuma ɗauki hotonsu ya ajiye a wani wurin da ba wayarsa kaɗai ba.